Igiyoyin Mata a Teburin Majo

Jiya ina zaune a inuwar bishiyar bedin da ke ƙofar likita, ɗan asibitinmu, na ji ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, ta san kanta, tana cewa aikin ungozoma ai ba wani abu ba ne: sabuwar reza, zare mai tsabta, a wanke hannu da sabulu, in abu ya gagara a kira amalanke. Sauran suka kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi don kada a ce tsohuwa ta cika fushi, amma wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Kun yi horon sati uku a Tanut, kun dawo da farar riga da jaka, kun ɗauka kun gama. To ku gyara zama. Ni Tsahara, shekara arba'in da ɗoriya ina wannan aiki a kwarin Tarka, kuma iyayen wasunku a hannuna suka faɗo duniya. Reza ita ce ƙaramar aba a sana'ar nan.

Wadda ta koya mini Iya Falmata ce, wata tsohuwa siririya mai ƙaramar murya, wadda ko maigari ba ya katse mata magana. Ta ɗauke ni bayan na haifi na uku, ta ce ta ga ban rufe ido ba ranar da jini ya ɓalle wa maƙwabciyata. Shekara biyu cur ban taɓa reza ba. Aikina hura wutar ruwan wanka, da wanke tsummoki, da haƙa ramin mabiyiya a bayan ɗaki, da dama kunun kanwa. Idan mace ta zo da kukanta, ni kuma na buɗe baki kafin ta kai aya, sai Iya ta ƙwala mini ludayi a bayan hannu.

"Kunne kafin hannu, Tsahara," in ji ta. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke baƙuwa ce a jikinta."

Na sha ludayin nan har na daina ƙirgawa, kuma ban taɓa shan sa a banza ba.

Daga baya mutanen likita suka ba mu akwati mai almakashi da auduga da ruwan wanke ciwo da safar hannu. Na gode musu. Kayan nan sun rage mana asarar jarirai ta wajen cibiya, wannan ba na musu. Amma babban kayan aikina ba ya cikin akwatin, yana rataye a azarar ɗakina. Igiyoyi ne na kaba da nake tufkawa da hannuna, kowace tsawon kamu biyu. Duk macen da ta yarda da ni tana da tata, da ɗan ƙyallen zanenta ɗaure a kai don kada in rikita. Ranar da wata ya tsaya sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in ɗaura farin zare. Mace kuma in ta ga jininta, za ta same ni a bakin rijiya ko wurin daka ta ce, "Gwaggo, a ƙulla mini," ba za ta ƙara komai ba, ni kuma in na koma gida in yi ƙulli ɗaya. In wani babban abu ya same ta, zazzaɓi mai kayarwa ko ɓari ko mutuwa a gida, jan zare nake sawa. Fari, ƙulli, fari, ƙulli, haka igiyar mace mai lafiya take tafiya. In fari biyu suka jeru babu ƙulli a tsakani, ta yi ɓatan wata ke nan, sai a sa ido. Iya ce ta bar mini wannan dabara, ta kuma bar mini sharaɗinta: igiya amana ce, ko miji bai isa in nuna masa ba.

Na tuna wata matar makiyaya, daga waɗanda ke hawa arewa wajen Tenhiya da damina su dawo mana da rani. Su da igiyarsu suke tafiya, su ƙulla da kansu. Aka kawo ta a kan jaki naƙuda na cin ta, dangin mijinta na cewa wata tara ya cika, a shimfiɗa tabarma kawai. Na karɓi igiyar na ƙirga fararen zaren da ke bayan ƙulli na ƙarshe, na sami bakwai. Na sake ƙirgawa, bakwai ɗin ne. Na ce ba a ɗakina za a yi wannan haihuwa ba, a nemo mota zuwa Tanut. Suka yi ta gunaguni, wai tsohuwa ta ji tsoron aiki. Na ce su faɗi abin da suka ga dama, amma a tafi. Bakwaini ta haifa, ɗan mitsitsi kamar ɗan tsako, wanda da a tabarmata ya faɗo da ba mu kai ranar suna ba. Yanzu shi ke kawo mini cuku duk lokacin da suka sauko.

A shekarar yunwa kuwa, ina sabuwar hannu, na duba azarar Iya na ga fararen zare sun jeru a igiyoyi da yawa. Na ce, "Iya, bana garin nan zai cika da jarirai." Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Jarirai daga ina, maza duk sun yi kudu neman hatsi? Jini matsoraci ne, ɗiyata. Yunwa na korar sa, zazzaɓi na korar sa, tsoro da doguwar tafiya na korar sa. Ba kowane ɓatan wata ne ciki ba."

Da hatsi ya dawo, ƙulli ya dawo. Ku riƙe wannan magana da kyau, don a kanta labarin muguwar shekarata yake.

Muguwar shekarata ita ce shekarar da allurar korona ta iso mu. Majon likitarmu na lokacin, wato babban ma'aikacin jinya, wani matashi ne daga kudu. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Hannunsa na da kyau, ya ɗinke kawunan da aka fasa a rikicin rijiya, ya tashi yara da yawa daga ƙyanda. Aibinsa ɗaya ne, ba ya ɗaga kai daga kaye, babban littafin nan da ake rubuta marasa lafiya. Kina magana yana rubutu, kafin ki gama ya miƙo miki takardar magani. Shi ya kira ni ya ce mata sun ƙi fitowa, ana ta yaɗa cewa allurar na hana haihuwa, in taimaka. Na tambaye shi me take yi wa jiki. Ya ce zafin hannu da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya, shi ke nan. Na naɗe hannun rigata a gaban jama'a ranar kasuwa aka yi mini, sannan na bi gida gida ina faɗin abin da aka faɗa mini. Zancen jini ban tambaya ba, ni da na yi sallama da shi tun da daɗewa. Mata suka fito, ba don majo ba, don ni. Duk wadda aka yi wa na sa mata jan zare, don haka hannuna ya saba.

Wata bai zagayo ba na fara ganin abin da ban gane ba. Wannan ta ce a ƙulla mata, bayan kwana goma sha biyu ta dawo ta ce a sake ƙullawa. Waccan, da kwana huɗu take yi tun tana budurwa, ta yi tara, har ta je tana tambayar matar liman ko ta yi wanka ta kama salla. Wata ta ce kunzugu biyu ba ya kai ta azahar. Wasu kuma shiru, jinin ya ƙi zuwa. Ba duka ba ne, da yawa igiyarsu ko gezau ba ta yi ba. Amma mata goma sha huɗu a lokaci ɗaya, ba yunwa ba annobar zazzaɓi, kuma duk a bayan jan zare ɗaya, ai ruwa ba ya tsami banza.

Na je na sami majo na faɗa masa. Ko biro bai ajiye ba.

"Gwaggo, wannan a kansu yake. An tsorata su da jita-jita, shi ne kowace take ganin abin da babu."

"Majo, a kunzugu jinin yake, ba a kai ba."

"Ba ya cikin takardar da aka aiko mana. Kuma don Allah ki bar maganar nan. In ta fita, ba wadda za ta dawo allura ta biyu."

Na ja bakina na fito. Wannan shi ne kuskurena na fari. Na ji tsoron a ce ni na kira su ni kuma na kore su, sai na bar mata goma sha huɗu kowace na zaton ita kaɗai ce.

A cikin waɗanda jininsu ya ƙi zuwa akwai Rakiya, 'yar Falanko da aka auro garinmu. Ɗanta ɗaya, an daɗe da yaye shi. Mijinta Sanusi yana Libiya wajen aikin gini, wata takwas rabonsa da gida. Igiyarta na fi so a duk azarar nan, don ba ta taɓa saɓa lokaci ba, kamar ranar kasuwa. Bayan allura sai fari biyu suka jeru babu ƙulli. Ita da kanta ta zo ta gaya mini, ba alamar mai ɓoye wani abu, damuwarta kawai ko ciwo ne. Na duba idonta, na duba ƙirjinta, na tambaye ta amai da kwaɗayi da yawan barci, babu ko ɗaya. Na ce ta kwantar da hankalinta, zai zo.

Abin da na manta shi ne ba ni kaɗai ke ƙirga ba. Kun san gidajenmu. Mace ba ta shelar al'adarta, amma kowa ya san wadda ta ɗauki buta da azahar da wadda ta yi zamanta. Uwar mijinta, Dije, tsarata ce, tare muka yi gaɗa a dandali. Mace ce mai ibada, mai ido kuma. Wata safiya ta shigo gidana, ko tabarmar da na shimfiɗa mata ba ta kalla ba.

"Tsahara, yarinyar nan kwana sittin ke nan ba ta yi fashin salla ba. Ina lissafe. Sanusi kuwa wata takwas ba ya gari. Ke ce mai aikin, faɗa mini mi ke nan."

"Ba ciki ba ne, Dije. Tun da aka yi allurar nan jinin mata da yawa ya rikice."

"Mata su wa?"

Ba damar in faɗa, igiya amana ce. Sai na ce, "Taso mu je wajen majo, da ke da ita, a gwada a gabanki hankalinki ya kwanta."

Kuskurena na biyu ke nan, kuma ya fi na fari muni. A wurinmu matar ɗa ba ta shiga wajen likita namiji ita kaɗai, uwar miji ke raka ta, ni ma ban taɓa ganin aibin haka ba. Na ɗauka za a ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari, a tsoma tsinken gwaji, magana ta mutu. Ban yi tunanin yarinya mai kunya ba za ta iya buɗe baki ta yi bayanin jini a gaban namiji da surukarta ba. Muka shiga mu uku. Rakiya ta sunkuyar da kai, da ƙyar ta ce, "Wata biyu ban gani ba, tun da aka yi mini allura."

Jin an ambaci allura sai ran majo ya ɓaci. Bai ko dube ta ba.

"Kullum allura, kullum allura! Mace mai ƙuruciya ta yi wata biyu ba ta gani ba, wannan ai ba sai an je lakwal an yi karatu ba. Ciki ne. Ta dawo ranar awo a buɗe mata karne, katin masu ciki."

Na ce, "Majo, mijinta ba ya gari. A gwada ta."

"Tsinken gwaji ya ƙare. Zancen miji kuma ba aikina ba ne. Na gaba ya shigo."

Na juya in kama hannun Dije, na tarar ta riga ta kai ƙofa.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kafin la'asar saƙon murya ya tafi Libiya a wayar ƙanin Sanusi. Kwana uku sai ga kawunsa da takardar saki ɗaya, wadda Sanusi ya sa aka rubuta. Aka riƙe ɗanta, aka fito wa Rakiya da kayanta. Ta ce ba za ta koma Falanko ta dubi mahaifinta da wannan suna a kanta ba. Na ce ɗakina ya ishe mu, na sa jan zare a igiyarta. Ranar kasuwar Belbeji na sa ta a mota muka je wajen sajfam, ungozomar babbar likita. Ita kam ta saurare ta har ƙarshe, ta gwada, ta rubuta babu ciki, ta buga hatimi. Na kai wa Dije takardar da hannuna. Ta ce, "Takarda ai saye ake yi. Ni da kunnena na ji majo."

Bayan kwana shida jinin ya zo, da yawa kuma, yadda yake yi in ya daɗe bai zo ba. Na yi hamdala na yi ƙulli. Ashe na yi saurin murna. Gari ya ɗauka cewa Tsahara ta ba ta jiƙo ta zubar. Ku duba fa. Jini bai zo ba, an ce ciki ne. Jini ya zo, an ce an zubar. Ta ina yarinyar nan za ta fita? Wata uku ana haihuwa a garin nan ba a aiko kirana ba, akwatina har ya yi ƙura. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar ranar da na ji yara a bakin rijiya suna tsokanar ɗan Rakiya, yaron da bai gama iya magana ba, da sunan da suka ji a bakin iyayensu. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Na gane takarda ba za ta wanke ta ba, rantsuwata ma ba za ta wanke ta ba. Bakin da ya ɓata ta shi kaɗai zai gyara. Sau biyu na je na roƙi majo ya taka zuwa gidan Dije ya ce bai gwada ba. Sau biyu ya ce mini shi bai saki matar kowa ba.

Allura ta biyu ta makara, sai bayan an gama girbi aka ce mota na zuwa. Majo ya aiko in kira mata kamar wancan karo. Na ce to. Na bi gidajen sauran goma sha ukun nan ɗaya bayan ɗaya, na gaya wa kowace ba ita kaɗai ba ce, abin da ya kamata in faɗa tun farko. Na ce, "Igiyarki taki ce, ni ba zan nuna ta ba. In kin yarda, zo ki karɓa ki kai da hannunki." Biyar suka ce kunya ba za ta bar su ba, ban matsa musu ba. Takwas suka karɓa, da Rakiya tara. Sauran matan gari kuma na ce su fito, amma kada wadda ta naɗe hannun riga sai sun ga na miƙe. Wasunsu na cikin masu yi da ni, amma da suka ji 'yan'uwansu tara za su fito da igiya, sai jikinsu ya yi sanyi. Dije ban ma kira ta ba, na san za ta zo. Sanusi ya yi mata alkawarin Makka, kuma an ce sai da karnen allura biyu.

Da hantsi inuwar bedin nan ta cika da mata, har da na makiyaya. Akwatin ƙanƙara na kan benci, direba na cewa shi kafin la'asar zai juya. Majo ya fito yana fara'a ya ce bismilla, a yi layi. Ba wadda ta motsa. Ya sake faɗa. Wata ta gyara goyonta, wata ta ciro kaba ta ci gaba da saƙar faifanta. Rana na hawa, ƙanƙara na narkewa, ya san in ta narke allurar ta lalace, kuma shi za a tambaya a Tanut. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Gwaggo, mi ke faruwa?"

"Ka fito da teburinka da kayenka nan waje, ɗana. Akwai masu magana da kai."

"Yau ranar allura ce, ba ranar ganin marasa lafiya ba."

"To mu ma yau ranar zama ce."

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya sa aka fito da tebur. Mata tara suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowace ta shimfiɗa igiyarta a kan kayen. Na nuna masa yadda ake karantawa. Ga fari, ga ƙulli, shekara guda a jere babu tangarɗa. Ga jan zaren ranar allura. Ga abin da ya biyo baya, ga kuma inda ya koma daidai. Ya daɗe yana kallo, yana bin ƙullin da bakin biro. Na ga ya gane, don ba wawa ba ne. Amma girman kai bai sake shi ba tukuna.

"Ko da haka ne, babu gurbin da zan rubuta wannan a kaye. Kuma na sha gaya miki, ni ban saki matar kowa ba."

Sai Rakiya ta ɗago kai, ita da ban taɓa jin muryarta ta wuce ƙofar ɗaki ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro takardar sakinta, ta ɗora a kan igiyarta.

"A wannan ma babu gurbin sunanka, Majo. Amma kai ka rubuta ta."

Majo ya miƙa hannu. Ya ɗauki takardar ya duba, ya ajiye a hankali. Sannan ya juya kayen zuwa shafin ƙarshe inda babu layi, ya ja kujera ya zauna, ya ce wa ta farko, "Faɗa mini tun daga fari." A karon nan sai da kowace ta kai aya sannan ya sa biro. Da ya gama da su tara ya miƙe ya ce ina uwar mijin Rakiya. Dije na can baya, mata suka buɗa mata hanya ko ba ta so.

"Inna, ranar da kuka zo ban gwada ɗiyar nan ba. Ban taɓa ta ba, ko dubanta ban yi ba. Abin da na faɗa zato ne, takardar Belbeji ita ce gaskiya. Babu ciki, ba a yi shi ba balle a zubar. Na ɗauki alhakinta."

Dije ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ban gama ba. Na ce, "Saura ɗaya. Gaya musu abin da allurar nan ke iya yi, duka, kada ka rage." Ya ce zafin hannu, da zazzaɓi, kuma ga shi ya gani da idonsa wasu mata jininsu kan yi gaba ko baya ko ya yi yawa, wata ɗaya ko biyu, sannan ya koma. Wadda nata ya wuce haka ta zo, zai saurare ta, zai gwada. Sai na dafa ƙasa na miƙe. Rakiya ce ta fara naɗe hannun riga. Shi da ya ce gaskiya za ta kore su, ranar sai da allurar ta ƙare da sauran mata a layi.

Kada ku fita ku ce Tsahara ta ce allura mugun abu ce. Ban faɗa ba. Biyu aka yi mini, gobe aka kawo wata zan naɗe hannu. Ko allurar ce ta kori jinin, ko zazzaɓinta, ko tsoron da aka cusa musu, ni ba likita ba ce, ban sani ba. Abin da na sani shi ne igiyoyin nan goma sha huɗu duk sun koma fari, ƙulli, fari, ƙulli, kuma da yawa daga masu su na karɓi haihuwarsu tun daga lokacin. Faɗana shi ne da wanda mace za ta gaya wa abin da ta gani a jikinta ya ce mata a kanta yake. Majo ba mugu ba ne, gaggawa ce da farar riga. Ku ma yanzu kuna da farar rigar.

Sanusi ya dawo da rani, labari ya riga ya same shi a hanya. Ya turo kawunsa biko, wannan dai da ya kawo takardar, da ƙwaryar goro. Dije kuma ta haɗo shi da yaron, an yi masa aski an sa masa sabuwar riga. Rakiya ta karɓi ɗanta ta ɗora a cinya. Kawun ya zauna a tabarmata ya yi ta zuba: sharrin shaiɗan ne, kowa ya yi kuskure, a yi haƙuri. Daga nan ya fito da abin da ya kawo shi. Wai tun da saki ɗaya ne, kuma majo da bakinsa ya ce jinin mata ya rikice, to ba wanda ya san ko idda ta cika. Ta tattara ta koma ɗakinta kawai. Kun san hukuncin: in idda ba ta cika ba miji na mayar da matarsa ko ba ta so, in ta cika kuwa, wato ta ga jini uku bayan saki, sai da yardarta. Wato rikicewar jinin da suka ƙi yarda da ita don su kore ta, yanzu sun yarda da ita don su mayar da ita.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ludayi na rufe. Rakiya ta sauke yaron, ta miƙe ta shiga ɗaki, ta ciro igiyarta daga azara. Ta durƙusa yadda ake durƙusa wa babba, ta shimfiɗa ta a kan goron.

"Kawu, ga jan zare, ranar da ka kawo takarda. Ga ƙulli biyar a bayansa. Ka kai wa Inna, ita ce gwanar lissafi."

Washegari ta hau motar Falanko da ɗanta a baya, a gaban duk masu zuwa rijiya, kuma ba wanda ya sami bakin cewa a sauke yaron. Gurbin igiyarta na nan a azarata, ban rataya ta kowa a wurin ba. Gobe in za ku zo, ku bar rezar a jaka, kowace ta taho da kaba. Ludayin Iya Falmata ma yana nan, bai tsufa ba.